Shaida a kan karatun 'yar wana da fitarta daga Legas

'Yar wana haifaffiyar Idi-Araba ce a nan Legas. Mahaifinta dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, tun yana saurayi ya sauko Ikko daga ƙasar Kano, bai kuma taɓa zama a aji ba in ban da makarantar allo. Yau tana aikin jinya a wani asibiti a arewacin Ingila. Ni na daɗe ina aiki a ofishin jarrabawa da adana sakamako na wata babbar makaranta, saboda haka duk takardar da ta shafi karatunta ta hannuna ta bi, daga fom ɗin JAMB har zuwa biza. Ita ta yarje mini in rubuta wannan, bisa sharaɗin kada in kama sunanta ko na makarantar da ta yi.

Wahalar ɗan Bahaushen Legas tun daga neman gurbi take farawa. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin 100 na cancanta, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari baya a ilimin boko. Jihar da ake dubawa kuwa ta asali ce, ba inda aka binne cibiyar mutum ba. Yarinyar da ta tashi tana jin Yarabanci kamar 'yar Mushin, a takarda 'yar Kano ce, sai an yi tattaki zuwa garin kakanta, mai unguwa ya shaida, dagaci ya sa hannu, sannan sakatariyar ƙaramar hukuma ta buga mata takardar shaidar asali. A jami'o'in Kudu ba ta cikin 'yan yanki. A na Arewa tana ciki, amma babu wanda ya san ubanta.

Rashin sanin nan shi ne ya kayar da ita a shekarar farko, duk da makinta ya wuce inda aka yanke. A lokacin, kafin JAMB ta kawo tsarin CAPS na bayar da gurbi ta kwamfuta a 2017 ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, jerin sunayen da jami'a ke fitarwa iri biyu ne. Akwai na cancanta da ake liƙawa, akwai na alfarma da ke biyo baya: na wane sanata, na wane basarake, na 'ya'yan ma'aikata. Likitanci da jinya da harhaɗa magunguna da shari'a su suka fi tsada, domin hukumomin waɗannan sana'o'i sun ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Wani ɗan tsakani ya samu Yaya har rumfarsa ya ce a kawo kuɗi a ba ta gurbi a ilimin dabbobi, in ta shiga aji biyu a mayar da ita jinya. Na hana, ba don tsoron Allah kaɗai ba. Irin wannan canjin na bayan fage ba ya tashi cizo sai bayan shekara biyar: takardar JAMB na cewa kwas kaza, digiri na cewa kwas kaza, sunan ɗalibi ba ya cikin rajistar da hukumar bautar ƙasa, NYSC, ke dubawa, sai ka ga yaro ya gama karatu yana zaune a gida abokansa na sansanin bautar ƙasa. Ta sake zana jarrabawar, a 2015 ta samu jinya a wata jami'ar gwamnati ta ƙofar gaba.

Da ta shiga, abin da na fara tambaya shi ne ko an yi wa ajinsu rajista da hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa. Iyaye da yawa ba su san da wannan ba. Makaranta kan ɗebi ɗalibai fiye da adadin da aka yanke mata saboda kuɗin makaranta da alfarma, alhali hukumar ba za ta ba da lambar rajista ba sai ga adadin da ta amince da shi. Wanda bai samu lamba ba, ba zai zana jarrabawar lasisi ba, ko da shi ne na ɗaya a aji. Wasu sai a tura su wani sashe bayan sun ɓata shekara biyu, wasu a ce su jira ajin baya, a nan ma kuma ciniki ke buɗewa a kan wa zai shiga jerin bana. Duk uban da zai kai ɗansa jinya ko likitanci, ya tambayi adadin da aka amince wa makarantar, sannan ya tambayi mutum nawa ne a ajin.

Sayen maki kuma yana da hanyoyinsa, ba kai-tsaye ake zuwa ba. Mafi sauƙi ita ce handawut. Malami ya buga 'yan shafuka ko ɗan littafi, ya ba wakilin aji ya sayar, wakilin ya rubuta suna da lambar duk wanda ya saya. Ba a cewa dole ne, amma kowa ya san inda jerin zai je. Yawanci makin kwas kashi biyu ne, 30 ko 40 na gwaje-gwajen cikin zango, sauran na babbar jarrabawa. Na cikin zangon nan kusan babu mai bin sawunsa, a nan ake saka wa mai saye, a nan ake horar da wanda ya ƙi. Mataki na gaba shi ne abin da ɗalibai ke kira sotin: bayan jarrabawa, kafin a miƙa sakamako, wani ɗalibi na hannun daman malami ya zagaya yana karɓa, C da farashinta, B da nata. Malamin ba ya taɓa kuɗin a gaban kowa.

Sakamako yana bi ta hannu uku zuwa huɗu. Malami ya cike takardar maki, ya miƙa wa jami'in jarrabawa na sashe, shi kuma ya haɗa na dukkan kwasa-kwasai ya kai zaman sashe, daga nan tsangaya, daga nan majalisar malamai ta jami'a, wato sanet. Kafin zaman sashe, mutum ɗaya da biro ɗaya ya isa ya mayar da 38 ta koma 58. Bayan sanet ta amince, sauyi sai da hannu da yawa, shi ya sa tsadarsa ke ninkawa, shi ya sa kuma asirinsa ya fi saurin tonuwa. Shigowar kwamfuta ta rage wani abu, ta kuma ƙaro sabon mai cin moriya, wato wanda ke riƙe da lambar sirrin shiga rumbun sakamako.

Ita abin da ya same ta a aji biyu ne, a wani kwas da suke ɗauka daga wata tsangaya. Sakamako ya fito, gaban sunanta babu komai. Ta je ofis, malamin ya ce bai ga takardar amsarta ba, ta dawo bayan la'asar su duba tare. Ta kira ni tana kuka ta ce, "Baffa, wallahi na zana, har hannu na sa." Na ce kada ta kuskura ta shiga ofishin ita kaɗai. Ta je da ƙawaye biyu, ya ce ba shi da lokaci. Ta koma da su, ya ce takarda dai ta ɓata. Kariyar ɗalibi a nan ɗaya ce, takardar halarta da ake sa wa hannu sau biyu, lokacin shiga da lokacin miƙa amsa, wadda ke hannun jami'in jarrabawa ba malamin kwas ba. Muka rubuta wa shugaban sashe, aka ciro takardar, ga sa hannunta biyu. A ƙa'ida ya kamata a tilasta a nemo takardar ko a shirya mata wata jarrabawa. Abin da aka yi shi ne aka ba ta shawara ta haƙura ta maimaita kwas ɗin baɗi, a zauna lafiya. Ta maimaita, ta ci, amma sifilin farko ya zauna cikin lissafin makinta har ta gama.

Akwai hanyar neman a sake duba takarda: a rubuta wa magatakarda, a biya kuɗi, a aika takardar ga wani malami na waje. Ɗalibai ba sa bi, don malamin da ka kai ƙara yana nan, abokansa na nan, wataƙila ma shi za a ba ka ya duba kundin bincikenka na ajin ƙarshe. Inda aka ga hukunci, to an samu shaidar da ba ta musantuwa. Farfesan Jami'ar Obafemi Awolowo da kotu ta ɗaure shekara biyu a Disamban 2018, muryarsa ɗalibar ta naɗa a waya. Malaman Jami'ar Legas da aka dakatar a 2019, kyamarar ɓoye ta BBC ce ta kama su. Yarinyar da ba ta da rikodin, maganarta ce da ta malami, kuma a gidajenmu sau da yawa ba ta ma iya faɗa, don amsar da za ta samu ita ce a cire ta daga makarantar a yi mata aure.

Ba zan yi wa malamai kuɗin goro ba. Mafi yawansu ba sa cin wannan ƙazanta, na san waɗanda ke sayen alli da takarda daga aljihunsu. Amma an bar su cikin halin da mai raunin zuciya zai faɗa. Yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2009 ita aka yi ta ja a kanta shekara da shekaru. Yarinyar nan ta ci yajin aikin 2017, ta ci na ƙarshen 2018 zuwa Fabrairun 2019, ta ci na 2020 da ya haɗu da korona ya kai wata tara. Karatun shekara biyar sai da ya haura shida. Na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya same ta ta fita, amma ya kama ƙannenta, kuma a kansa aka riƙe wa malamai albashin wata takwas. Malaman da ke da takardun da waje ke so, su ma suka kama hanya. Idan tawagar hukumar jami'o'i za ta zo tantance kwas, sai a aro farfesoshi daga maƙwabta a jera sunayensu, a aro na'urori a cika ɗakin gwaji, a yi fenti. Baƙi na juya baya kaya su koma inda aka aro su. Ita da kanta ta ce mini akwai mutum-mutumin koyon aikin jinya da ba su taɓa gani ba sai a makon tantancewa.

Abin da ya ceci ingancin karatunta shi ne jarrabawar lasisi ba a hannun jami'a take ba. Hukumar ma'aikatan jinya ce ke shiryawa, da masu jarrabawa daga waje, a aji huɗu ta zama cikakkiyar nas, a aji biyar ta ungozoma. Ba na cewa nan ma babu maguɗi, amma wanda ya hau bisa sayen maki yakan yi karo da bango a wurin, musamman a ɓangaren aiki da hannu.

Bayan digiri sai horon sanin makamar aiki na shekara ɗaya a asibitin da aka amince da shi, kuma ana biyan albashi, don haka shi ma gurbinsa ya zama haja. Asibiti ya sa talla, ɗaruruwa su zana jarrabawa, jerin da zai fito rabinsa an riga an cike shi da wasiƙun manya. Ta yi watanni a gida tana taya mahaifiyarta sayar da abinci kafin ta samu. Daga nan bautar ƙasa a kan alawus na lokacin, naira 33,000. Aikin gwamnati na dindindin kuwa ko neman sa ba ta yi da gaske ba. A 2023 kwamitin majalisar wakilai ya binciki sayar da guraben aiki, har wani tsohon ma'aikacin hukumar raba daidai ta ƙasa ya amsa a gaban kwamitin cewa ya karɓi kuɗi daga masu neman aiki. Abin da kowa ya sani ne, sai dai a ranar an faɗe shi a gaban kyamara.

Ta kama aiki a wani asibitin kuɗi a Legas. Bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, kuɗin danfo ya cinye kaso mai yawa na albashin. Dare kuma ita kaɗai da mataimakiya a ɗaki cike, in wuta ta ɗauke kafin a tayar da janareta da fitilar waya take neman jijiya. Manyan da za ta koyi aiki a hannunsu duk sun tafi, wannan Ingila, wannan Saudiyya, wannan Kanada. Nas mai shekara ɗaya da fara aiki ta zama ita ce babba a sashe. Wannan ya fi albashi tsorata ta. Ta ce wa mahaifinta, "Baba, ina tsoron ranar da rai zai salwanta a hannuna don babu wanda zan tambaya." Yaya bai so ba ko kaɗan. Ya ce 'ya mace ba ta ci-rani. Abin da ya sassauta shi shi ne an riga an ɗaura mata aure, kuma bizar ma'aikatan jinya tana ba da damar tafiya da miji.

Ga yadda hanyar Ingila take, kamar yadda ta bi ta. Farko jarrabawar Turanci, IELTS ko OET. A IELTS ana son 7 a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu. Rubutun ne ke kayar da yawancin 'yan Najeriya, ita ma sai a zama na biyu ta haye. Sakamakon shekara biyu yake yi ya mutu, don haka duk jinkirin da za a samu a gaba da wannan agogon ake auna shi. Sai buɗe fayil a hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, NMC, a biya fam 140 na duba cancanta. Sai jarrabawar kwamfuta da ake zanawa a nan gida a cibiyoyin Pearson VUE, fam 83: kashin farko lissafin magani, tambaya 15 cikin minti 30, na biyu tambaya 100 kan aikin jinya cikin awa biyu da rabi. Ta ƙarshe, OSCE, ta aiki da hannu ce mai tasha goma, ba a yin ta sai a can, fam 794, sannan fam 153 na shiga rajista. Jimla fam 1,170 ke nan a lokacin, ban da kuɗin IELTS da fasfo da takardar 'yan sanda da gwajin tarin fuka da ake yi a cibiyar hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, da ke Ikeja, wanda shi kuma wata shida kawai yake aiki. A 2024 fam ɗaya ta kai wajen naira 2,000. Yaya ya sayar da filin da ya saya a gida don tsufansa, mahaifiyarta ta kwashi adashinta.

A kowane mataki, laifin wasu ta riƙa biya. A 2023 NMC ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, inda aka ga mutane na gama jarrabawa cikin lokacin da hankali ba zai ɗauka ba, alamar wasu ke zana musu. Aka soke sakamakon duk wanda ya zana a cibiyar, kusan mutum 2,000, har da masu gaskiya da suka riga suka fara aiki a can, aka ce su sake. Tun daga nan takardar ɗan Najeriya sai an juya ta gaba da baya. Haka ma dalilin da ya sa hukumomin waje da yawa ba sa karɓar takarda daga hannun mai ita. Duk ɗan Legas ya san Oluwole a cikin Eko, inda aka daɗe ana buga digiri da hatimi da takardar banki ta bogi. Saboda irinsu ne aka ce dole makaranta ko hukuma ta aika da kanta. Wanda kuma aka kama da takardar ƙarya a neman bizar Birtaniya, haramcin shekara goma ke kansa.

Wannan sharaɗin na aikawa kai-tsaye shi ya miƙa wuyan mai tafiya ga ofishin da ya baro. Mijinta injiniya ne, ya yi tunanin Kanada tun farko, can kuma sai an aika tiransikirif, wato cikakken sakamakon karatu, daga jami'a zuwa WES mai tantance takardun karatu. Ya biya kuɗin a banki, ya karɓi rasit, fayil ya kwanta. A matsayina na wanda ya san irin ofishin, dalilan kwanciyar fayil ba su da yawa. Wani lokaci sakamakon tsofaffin shekaru na cikin kabad a sashe, ba a taɓa shigar da shi kwamfuta ba, sai wani ya tashi ya je ya kwafo. Wani lokaci kwas ɗaya ne ba a ga amincewar sanet a kansa ba. Wani lokaci kuma babu komai, ana jira ne mai fayil ya gaji ya zo da kansa ya ba da na goro, ko a ce masa babu man janareta, babu tawadar firinta. Ga namu kuma akwai ƙarin masifar suna. Muhammad a WAEC, Mohammed a JAMB, Muhammed a fasfo. Aisha a nan, Aishatu a can, sunan gari ya zama sunan mahaifi a wata takardar. Ranar haihuwa ma haka, tunda da yawa malamin firamare ne ya yanka musu ita. Kwamfutar waje ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. Kafin a kashe ko sisi kan jarrabawa, a baje WAEC da JAMB da digiri da lasisi da NIN da fasfo a tabarma ɗaya a daidaita su harafi da harafi, in da saɓani a yi rantsuwar kotu da sanarwar jarida tun da wuri. Shi nasa tiransikirif ɗin sai da ya je da ƙafarsa ya kwana a garin kafin ya motsa.

Ita kuma nata cikas ɗin daga hukumar lasisi ya zo. A Fabrairun 2024 hukumar ma'aikatan jinya ta fitar da sanarwa cewa ba za ta tabbatar wa ƙasashen waje da lasisin kowa ba sai ya yi shekara biyu yana aiki bayan samun lasisin dindindin, da wasiƙar shugaban wurin aikinsa da ta makarantar da ya yi. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, aka rufe shafin neman tabbatarwar na tsawon watanni. Magatakardan hukumar ya ce sama da 42,000 ne suka fita cikin shekara uku. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate shi ma a shekarar ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Na fahimci firgicin gwamnati, amma maganin da take kawowa kullum na toshe ƙofa ne. A 2023 ɗan majalisa Ganiyu Johnson daga nan Oshodi-Isolo ya kawo ƙudirin hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar a gida. Duk sabon sa hannun da aka ɗora a kan hanya, sabon teburin karɓar na goro aka buɗe. Wasiƙar shugaban asibiti da a da ba ta da daraja, rana ɗaya ta zama abin roƙo.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan lamari shi ne wanda ke tafiya da wanda ke zama. Jami'o'inmu sun ƙi tankaɗe ɗalibansu, sun ba gwani da ɗan sotin takarda iri ɗaya, hatimi iri ɗaya. Sai Turawa da Larabawa suka kafa rariyarsu a bakin ƙofa, IELTS da OSCE ga nas, jarrabawar PLAB ga likita, suna ɗibar garin suna bar mana tsakin. Wanda ya sayi makinsa ba ya iya tsallake tasha goma a gaban mai jarrabawar da bai san kawunsa ba, to yana nan gida, kuma shi ne mai hanyar sayen gurbin aikin gwamnati. A ajin 'yar wana, waɗanda ita kanta take cewa sun fi ta ƙwarewa kusan duk sun fita ko suna kan hanya. Ba ina nufin duk wanda ya zauna bai iya ba, akwai gwanaye da suka zauna don iyaye ko don kishi ko don rashin kuɗin jarrabawa, kuma su ke ɗauke da asibitocin a wuyansu. Amma kuɗin talakan Najeriya ne ya koyar da waɗanda suka tafi, a jami'ar gwamnati mai rahusa, ƙasar da ta karɓe su ba ta kashe ko kwabo a karatunsu ba.

Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, saboda haka ƙa'idar Birtaniya ta hana kamfanonin ɗaukar ma'aikata zuwa farautar nas a nan. Abin da aka yarda shi ne mutum ya nemi aikin da kansa a shafin asibiti. Wannan giɓin ne 'yan damfara suka cike. Ejan zai ce a kawo miliyoyi ya samo takardar ɗaukar nauyi ta aikin kula da tsofaffi, alhali takardar nan ba ta sayarwa ba ce, mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗinta. Mutane sun sayar da gidaje sun isa can sun tarar kamfanin suna ne kawai, babu aiki, in kuma aka soke lasisin kamfanin kwana 60 ake ba mutum ya samu wani ko ya fita. Tun Maris 2024 an hana masu wannan bizar tafiya da iyali, a 2025 kuma aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffin daga waje. Ita ba ta bi ta ejan ba. Ta yi ta aika takardun neman aiki har wani asibiti ya yi mata ganawa ta bidiyo ya ɗauke ta.

Can ɗin ma ba hutu ba ne. Kafin ta ci OSCE a matsayin mataimakiya aka biya ta. Asibitin ya biya mata jirgi da kuɗin jarrabawar, amma a kwantiragin akwai sharaɗin in ta bar su kafin wa'adi za ta mayar da kuɗin, abin da da yawa ba sa karantawa sai sun so canja wuri. Haya da haraji da kuɗin ɗumama ɗaki suna cin fiye da rabin abin da ke shigowa. Mijin, da digirinsa na injiniya, kaya yake jerawa a wani rumbun ajiya yana neman hanyar komawa sana'arsa. Duk wata tana turo na maganin hawan jinin mahaifinta da kuɗin makarantar ƙanne, filin dai har yanzu ba a mayar ba.

Kwanakin baya Yaya ya zo mini da maganar autansu, wanda JAMB ta kayar sau biyu. Wani a kasuwa ya ce masa a Kwatano, tsallaken iyakar Seme kaɗan, ana gama digiri cikin ɗan lokaci ba yajin aiki. Na tuna masa da ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, wanda a Disamban 2023 ya fallasa yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako shida bai taɓa shiga aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, daga baya ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce takardu sama da 22,000 na bogi ne, kuma jami'o'i takwas kacal aka amince da su a ƙasashen biyu. Yaran da suka yi karatun gaskiya a can su ma abin ya shafe su. Na ce masa in dai yaron jinya yake so kamar yayarsa, ya nemi kwalejin jinya ta gwamnati da hukumar ta amince da ita, mu je tare mu ga takardar amincewar da idonmu, mu tambayi adadin da aka yanke musu da yawan 'yan ajin bana, sannan a biya kuɗin fom. Sunansa kuma na riga na sa an gyara a NIN ya dace da na WAEC, don an rubuta masa Abubakar a ɗaya, Bukar a ɗaya.